Kaka ta shigo, yini ya gajarta: ina kuke kai ƙananan yaranku?

Maman Hanif (Manchesta):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasashen nan. Hanif shekararsa 2 da wata 7, ƙanwarsa kuma tana goye. Tun da Satumba ta ƙare garin nan ya juya, yayyafi safe da yamma, ga iska, ganye duk ya zube ya jiƙe a bakin titi. Lokacin zafi babansa na dawowa aiki muke fita mu zaga, yanzu kafin ya shigo gari ya fara rufawa. An ce min ma ranar Lahadin ƙarshen Oktoba za a mayar da agogo baya da awa 1, magariba ta dawo kafin ƙarfe 5.

Yaron nan ya koma rigima zalla. Ya hau kujera, ya ja labule, ya ƙi barcin rana, in ba waya aka miƙa masa ba babu zaman lafiya. Hajiyarmu kuma, mahaifiyar maigidan, duk kiran da za ta yi sai ta ja min kunne kar in kuskura in fitar da shi cikin sanyin nan, limoniya za ta kama shi. Ba na son saɓa mata, amma a raina ina jin zaman ɗakin nan ne yake cutar da shi. Ku me kuke yi da naku a wannan lokacin? Abin da ba zai ci kuɗi ba, don ba mu da mota.

Ummu Sumayya (Manchesta):
Wa alaikumus salam Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Abu na farko, ki daina jiran yamma. Daga yanzu har Maris fitar safe ce fita. Ki gama karin kumallo, ki bar wanke-wanken nan a wurinsa, ƙarfe 10 ta same ku a waje. Ku dawo kafin azahar, ya ci abinci, za ki ga barci ya kwashe shi ba tare da kin roƙe shi ba.

Kayan fita kuwa abu biyu ne suke raba gardama: rigar ruwa mai haɗe da wando wadda ake zuge ta tun daga ƙafa har wuya, da takalmin roba mai tsawo. Ki duba shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, yara ba sa cinye su, girma kawai suke yi su bar su. Ki saya masa wadda ta ɗan fi shi don suwaita ta shiga ciki. Da zarar ya sa su, ruwan da ya kwanta a hanya ya tashi daga abin tsoro ya koma abin wasa. Tawa in ta samu ɗan ruwa a gefen hanya sai ta tsaya ta dira ƙafa biyu a ciki, ta kalli yadda ya fantsama, ta koma baya ta sake. Ni dai tsayuwa ce tawa.

In kina wajen Rusholme ko Fallowfield, lambun shaƙatawa na Platt Fields na kusa, akwai tafki da agwagi. Ki tafi da ɗan ragowar shinkafa dafaffiya ko masara, an fi son a ba su wannan a kan burodi. Ranar da kike da ƙarfi ki hau tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, zuwa Heaton Park, tashar a bakin ƙofa take, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya biya, kuma wurin dabbobin kyauta ne. Zai ga awaki da shanun nan masu dogon gashi. Ki ba shi ɗan bokiti ya riƙe. Duk abin da ya tsinta ya zuba: ganye ja, ganye rawaya, tsinke, dutse. Tafiyar da za ki yi a minti 10 ke kaɗai, da shi sai ta ci awa, kuma haka ake so.

Maman Ilham (Gilasgo):
Ku yi haƙuri, ni ina bayan Hajiya. Iyayenmu ba su faɗi abu a banza ba. Bara tun daga Oktoba har aka fita hunturu Ilham ba ta rabu da tari da majina ba, dare ba barci. Jikinmu ba irin nasu ba ne, su a cikin sanyin aka haife su kaka da kakanni. Ni in na ga Baturiya ta tura jariri a keke cikin yayyafi har tsigar jikina take tashi. Bana na ƙudurta a gida za mu zauna, ga hita ga kayan wasa. In rana ta fito mu leƙa, in ba ta fito ba shi ke nan.

Maman Fadila (Landan):
Maman Ilham, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni aikin jinya nake yi, ɓangaren yara, bari in faɗi abin da na sani. Mura da yawancin tarin yara ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, daga mutum zuwa mutum suke tafiya, ta tari da atishawa da hannun da ya taɓa majina. Abin da ya sa suke yawa a wannan lokacin, makarantu sun koma a Satumba, kowa ya shige ɗaki an rufe tagogi, ana shaƙar numfashin juna. Yaron da ke tsalle a fili cikin kaya masu ɗumi bai fi wanda ke zaune a rufaffen ɗaki da masu mura shiga haɗari ba. Kuma ɗakin da ba a buɗe taga, ana shanya wanki a kan hita, shi ne yake tara damshi da funfuna a bango, wannan kuwa yana tayar da tari da asma sosai. Ki leƙa bayan gado da kusurwar taga, in kin ga baƙi-baƙi ki yi wa mai gidan magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, a rarrabe, kuma kar a ɗaure shi a keke ko kujera fiye da awa 1 a jere. Kallon waya ko talabijin ba a so sam ga ɗan shekara 1, ɗan shekara 2 kuma kar ya wuce awa 1. Awa 3 na motsi a falo mai kujeru da tebur abu ne mai wuya. Hawa kujerar da Hanif yake yi, jikinsa ne yake neman haƙƙinsa.

Inda nake tare da ke shi ne jikinmu yana da bambanci, amma a wajen rana ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta yi bitamin D da ita, mu masu baƙar fata kuma abin ya fi taɓa mu. NHS, hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, ta ce duk yaro daga shekara 1 zuwa 4 a riƙa ba shi maikirogiram 10 na bitamin D kullum, shekara gaba ɗaya, sai dai in yana shan madarar gwangwani ta jarirai fiye da mililita 500 a yini. Na sha ganin yaranmu da ƙafa ta fara gwamewa saboda wannan. Ke ma Maman Hanif mai shayarwa ki sha naki. Masu katin Healthy Start, na tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ana ba su kyauta.

Sai kuma waɗanda maganata ta farko ba ta hau kansu kai tsaye ba: mai sikila da mai asma. Su sanyi da iska da jiƙewa na iya tayar musu da ciwo, wannan gaskiya ce.

Maman Affan (Lesta):
Na gode Anti da kika ambaci sikila, don a zauren nan mun fi ɗaya. Affan SS ne, shekararsa 3. Duk da haka muna fita, sai dai da lissafi. Ina duba hasashen yanayi tun dare. In akwai iska mai ƙarfi ko ruwa sosai, ba fita. In gari ya lafa, kaya hawa uku, hula mai rufe kunne, safar hannu, ga ruwan ɗumi a gora yana kurɓa. Wasan ruwan da Ummu Sumayya ta faɗa ba namu ba ne, ko hannun riga ya jiƙe nan take nake sauya masa, kullum da kayan canji a jakata. Abin da ya fi so shi ne busasshen ganye. In muka samu inda ya taru a gindin itace sai ya bi ta ciki yana jan ƙafa yana jin ƙararsa. Rabin awa ta ishe mu, mu dawo. Likitarsa ma cewa ta yi kar in mayar da shi ɗan ɗaki, in dai kiyaye ɗumi da shan ruwa.

Hajiya Inna (Lesta):
Salamu alaikum 'ya'yana. 'Yata ce take rubuta min, ni jego na zo mata. An karanta min maganganunku duka.

Ni a ƙauye na tashi, ta wajen Ɗambatta, a can kuma na haifi na fari da na biyu. A wurinmu kaka ita ce lokacin da yaro ya fi jin daɗin duniya, amma ban taɓa ganin an zauna ana shawarar abin da za a yi wa ɗan yaye don ya yi wasa ba. Inda uwarsa take nan yake. An yanke gero an ɗaure dami, an ciro gyaɗa an baza, ana roron wake, dawa tana jiran nata lokacin. In mata sun zauna tsinkar gyaɗa a inuwa, sai a miƙa masa ɗan ƙoƙo. Ya tsinki biyu ya jefa, ya kifar, ya sake tsincewa, bakinsa duk ƙasa. In ana sussuka yana gefe da ɗan icce yana dukan ƙasa, shi ma wai aiki yake. In an zo shiƙa a janye shi saboda ƙaiƙayi. Yayyensa maza su yi masa motar kara, ya ɓalla ta kafin magariba, gobe a yi wata, kara dai ba ya ƙarewa. Ga dafaffiyar gujjiya, ga gasasshiyar masara, ga rake ana fere masa. Kafin a yi isha'i ya yi barci a cinyar wani.

Yaro a wannan shekarun ɗan akuya ne, in ka ɗaure shi kuka zai yi ta yi, in ka sake shi kusa da uwarsa sai ya yi shiru. Abin da na lura da shi a nan, kun raba aikinku da yaran. Uwa tana kicin ta rufe ƙofa, yaro yana falo da waya. Ki buɗe ƙofar nan, 'yata. Ki shimfiɗa tsumma a ƙasa, ki ba shi roba da ɗan ruwa ya wanke miki dankali. Ki ba shi alayyafo ya tsinke. Ki ba shi masara ya ɓare ɓawonta. Ba zai yi daidai ba, zai jiƙa ƙasa, to sai me? Da haka muka koyi komai.

Maganar surukarki kuma, kar ki ga laifinta. Jikanta ne, tana nesa, abin da take gani a talabijin ƙanƙara ce. Ki daina ce mata za ki fitar da shi cikin sanyi. Ki shirya shi tsaf, ki shafe shi da man kaɗanya, ki rufe ƙirji da kunne da ƙafa, sannan ki kira ta ta gan shi a haka, ki ce Hajiya ga mijinki zai je ganin agwagi, a sa masa albarka. Za ki ji abin da za ta ce. Ni ma da na zo haka nake hana su, sai da na taɓa rigar na ji kaurinta hankalina ya kwanta. Amma fitar bayan la'asar har yanzu ban yarda da ita ba.

Maman Hanif (Manchesta):
Allah ya saka da alheri Mama, ya ƙara girma. Wallahi maganar ƙofar kicin ɗin nan ta shige ni, don kullum a rufe take. Anti Maman Fadila na gode, gobe zan tambayi bitamin ɗin a kemis.

Baban Nana (Liyon):
Salamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, ina Faransa da iyali. Hajiya ta tuna mini da gida, Allah ya ba ta lada. Gargaɗi guda nake so in ƙara a kan bokitin tsince-tsince. A wannan lokaci akwai wasu 'ya'yan itace masu ruwan ƙasa, masu sheƙi, da ke faɗowa a lambuna da bakin hanya. Iri biyu ne kuma suna kama da juna. Wanda ake ci, shi ne ake gasawa a titi ana sayarwa cikin ƙunshin takarda, kwansonsa cike yake da dogayen ƙayoyi sirara, a ciki za ka samu biyu ko uku, gefe guda a shafe, da ɗan tsini a kai. Ɗayan kuma kwansonsa kore ne mai kauri, ƙayoyin gajeru jefi-jefi, galibi ƙwallo guda ne a ciki, mulmulalle. Wannan na biyun guba ne, yana sa amai da ciwon ciki, kuma shi ne ya fi yawa a cikin gari. Kowace kaka cibiyoyin kula da guba na nan sai sun ja kunnen mutane a kai. Ɗiyata tana son tara su, ina barinta, amma idona na kanta kuma ba ya shiga gida inda ƙaramin yake rarrafe. Haka laimar kwaɗi da ke tsirowa cikin ciyawa bayan ruwa, da jajayen 'ya'yan itace na jikin shinge. Tun yanzu ake koya musu: abin ƙasa na bokiti ne, ba na baki ba.

Kuma maza, mu ma aikinmu ne. Asabar da Lahadi ka ɗauki yaro da safe ka fita da shi, uwar ta samu ta runtsa.

Maman Yusra (Hambug):
Baban Nana Allah ya biya ka da wannan jimla ta ƙarshe. A Jamus ba a ma tambayarki ra'ayi. Ranar da kika kai yaro makarantar raino za a ba ki jerin kaya, wandon ruwa da takalmin roba suna sama, a can ake barinsu a rataye da sunansa. Ruwa ko iska sai sun fita da su tsakar makaranta. Da farko raina bai so ba, amma Yusra ta fi cin abinci da barci tun da ta fara.

Wancan ƙwallon mai guba da ka faɗa, a nan da shi yara suke yin dabbobi, a huda a soka tsinken sakace ya zama ƙafafu. Ga 'yan shekara 2 dai tarawa da ƙirgawa ya isa. Abin da muke yi a gida ranar ruwa: ganyen da muka tsinto mu goge, mu sa a tsakanin shafukan tsohon littafi ya bushe, sannan ta manna su a takarda da gam. Ko in shafa wa ganyen kalar ruwa ta danna a takarda, jijiyoyinsa su fito raɗau. Muna aika wa kakarta hoto a Zariya.

Farkon Nuwamba kuma akwai yawon fitila. Yara su yi fitilar takarda a makaranta, da magariba a fito da iyaye a zaga unguwa ana waƙa. Asalinsa ranar 11 ga Nuwamba ce, ta tunawa da wani waliyyin Kirista, Martin, sojan Rum da aka ce ya raba mayafinsa biyu ya ba wani almajiri. A yankunan Katolika har mutum a kan doki ake fitowa da shi. A makarantarmu dai fitila ce kawai da shayi, shi ya sa muke zuwa.

Baban Abdallah (Landan):
To ga inda nake so a yi hattara. Da fitila ake farawa. Yanzu duk shagon da ka shiga kabewa ce mai ido da haƙora, da ƙwarangwal, da kayan mayu. Ranar 31 ga Oktoba, wato bikin Halowin, yara za su bi gida-gida cikin shigar fatalwa. Na ga 'yan uwanmu suna sa hotunan yaransu a gonar kabewa, kuma kowa ya san don Halowin ake buɗe gonakin nan. Yaro ɗan shekara 2 ba ya bambancewa. Abin da ya saba gani da daɗi tun yana ƙarami shi zai nema in ya kai 7, lokacin kuma hana shi ya zama yaƙi. Ni a gidana mun rufe wannan ƙofar gaba ɗaya, har gonar. Ba fatawa nake bayarwa ba, tsoron da nake ji wa 'ya'yanmu nake faɗa.

Maman Zara (Toronto):
Malam, tsoronka a kan hanya yake, mu ma ba ma yin Halowin. Daren nan fitilar ƙofa muke kashewa, wanda a nan alama ce ta kar a ƙwanƙwasa, mu yi zamanmu. Amma ban yarda a haɗa da gona ba. Kabewa tun kafin mu san da wani Halowin muke miyar taushe da ita. Yaran da muke haifa a nan, da yawansu sun ɗauka abinci a cikin leda yake tsirowa. Lokacin girbi ne kaɗai za ka kai yaro ya ga abu a jikin uwarsa. Mu gonar tuffa muka fi zuwa, ka biya kuɗin jaka ka tsinka da hannunka. Itatuwan gajeru ne, Zara a kafaɗar babanta take miƙa hannu ta murɗo. Ta yi bismilla ta gatsa, mu ce mata wa ya halicci wannan, ta ce Allah. Ni a ganina wannan tarbiyya ce, ba akasinta ba. In gonar ta cika ado da ƙwarangwal, ka nemi wata, ko ka je farkon Oktoba kafin su fara.

Kabewar kuma in mun kawo gida ba ma sassaƙa mata fuska. A fasa, a ba yarinya cokali ta kwashe 'ya'yan, hannu duk yauƙi tana dariya, sauran ya shiga tukunya da gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa. Shawara ga masu son taushe: manyan nan da ake tarawa a ƙofar shago don sassaƙa ruwa ne tsululu, ba garɗi. Ku nemi ƙanana masu nauyi, ko doguwar nan mai wuya, ta fi kama da tamu.

Ga 'yan Toronto, abin da ba ya cin ko sisi: daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba kifin salmon yana baro tafkin Ontario ya hauro kogin Humber don ya yi ƙwai. Ku sauka a tashar Old Mill ku gangara, akwai 'yan madatsai da kifayen ke tsallakewa, manya-manya, wani ya faɗo ya sake gwadawa. Zara ihu take yi duk wanda ya yi tsalle. A riƙe hannu da kyau, bakin ruwa ne. Gonar dabbobi ta Riverdale Farm ma kyauta ce. Mu agogonmu sai Lahadin farko na Nuwamba ake mayarwa.

Abu guda da za a kiyaye a ɓangarenmu shi ne kaska. Tana fakewa a tarin ganye da doguwar ciyawa, tana nan har sai ƙanƙara ta sauka, kuma ita ke ɗauke da cutar Layim. In an dawo a tuɓe yaro a duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, matsematsi da bayan gwiwa. In an cire ta da wuri haɗarin yana raguwa sosai.

Baban Abdallah (Landan):
Gonar tuffa ban da ja a kanta, Maman Zara. Ta kabewar ce dai har yanzu raina bai kwanta ba, don a nan Landan waɗanda na gani duk da adon suke. Kowa ya duba abin da zai iya amsawa a kan iyalinsa.

Maman Zara (Toronto):
Haka ne Malam. Allah ya shirya mana su.

Maman Khalifa (Kano):
Ina karantawa ina jin ku. Mun yi shekaru a Ingila kafin mu dawo, kuma ku sani abin da Hajiya Inna ta bayyana yanzu yaran birni a nan ma ba sa samunsa. Yaro a Kano yana iya kai shekara 5 bai taɓa ganin zangarniyar gero a tsaye ba, daga gida sai mota sai makaranta, waya kuma ta shiga ko'ina. Ni bana na ce sai mun je gonar kawunsu ranar cirar gyaɗa. Khalifa da ya ga an tumɓuko tushe guda ga gyaɗa reto a ƙasansa, tsayawa ya yi yana kallo, sai ya ce a mayar a sake cirowa.

Masu zuwa gida hutu a wannan lokacin, namu abin tsoron daban ne. Ƙarshen damina sauro ya fi yawa, zazzaɓi ya fi kama yara, shi ya sa ake bi gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata a lokacin ruwa. Yaranku da aka haifa a waje ba su da sabo da shi ko kaɗan, ku ga likita a ba ku magani kafin ku taso, ku kwana a gidan sauro. A gona kuma kar a bar yaro ya tura hannu ƙarƙashin dami ko tarin kara, wurin kunama da maciji ne.

Maman Fadila (Landan):
Ƙari kaɗan tunda an ambaci gona da gyaɗa. In yaro ya taɓa dabba a wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ya ci komai, man goge hannu bai wadatar ba. Gyaɗa guda-guda ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5, tana sarƙewa ta faɗa hanyar numfashi, a daka ko a niƙa. Tuffa a yanka siriri. In za a sa shi a kujerar mota a cire babbar rigar sanyi tukuna, bel ba ya kama jiki a kanta.

'Yan Birtaniya kuma ku shirya wa daren 5 ga Nuwamba, na tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisa da Guy Fawkes da abokansa suka yi a 1605. Kwanaki kafin da bayan za ku yi ta jin ƙarar wasan wuta. Ku faɗa wa yaro tun da rana cewa za a yi ƙara, ku kalla ta taga. Sandar tartsatsin nan ba a miƙa wa ɗan ƙasa da shekara 5. Rigakafin mura na 'yan shekara 2 da 3 ma yanzu ake yi. Na fesawa a hanci yana da sinadarin gelatin na alade, wanda bai so ba ya ce a yi wa yaronsa na allura, akwai.

Maman Ilham (Gilasgo):
Anti na duba bayan gadon, akwai baƙin nan da kika ce, har ya hau labule. Na ɗauki hoto na tura wa mai gidan.

Amma bari in faɗi abin da ya fi sanyin damuna, wataƙila akwai mai irin halina. Ni kaɗai ce. Maigida yana fita da duhu ya dawo da duhu. In na shirya Ilham na shirya kaina muka sauko daga bene, sai in tsaya a fili ba wanda zan ce wa sannu, ba mai ce min ya yarinya. A gida ko ƙofa ka leƙa sai an tsayar da kai gaisuwa. Wani lokacin ba tarinta ne ke hana ni fita ba, zuciyar ce ba ta so.

Ummu Sumayya (Manchesta):
Allah sarki 'yar uwa. Kusan dukkanmu mun bi ta nan, kuma gajeren yinin nan yana ƙara nauyin zuciya. Ki fara da laburaren unguwarku. Kusan kowanne yana da zaman waƙa da karatu na jarirai da 'yan yaye sau ɗaya a mako, a Sikotland Bookbug ake ce masa, kyauta ne, cikin ɗumi, kuma fuskokin da kika gani wannan makon su za ki gani mako mai zuwa. A irin wannan zaman na haɗu da wata 'yar Sudan da har yau muke fita tare. Ki tambaya a masallaci ma ko mata masu yara suna haɗuwa. In nauyin ya ƙi sauka, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya mai ziyartarku ko likitarku, ba abin kunya ba ne. Ki turo min lambarki ta gefe, mu riƙa gaisawa da safe.

Maman Affan (Lesta):
Akwai wata 'yar ajinmu da ke Gilasgo da yara biyu, bari in nemi izininta in haɗa ku.

Ummu Sumayya (Manchesta):
'Yan Manchesta kuma, Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu, ƙarfe 10 da rabi a ƙofar Heaton Park ta wajen tashar tiram. Maman Hanif, akwai rigar ruwa da takalmin da Sumayya ta bari, za su yi wa Hanif, kar ki saya. Zan taho da kunun gyaɗa a fulas. Kowa ya zo da kofinsa da kayan canjin yaro. In an wayi gari da ruwa mai ƙarfi sai mu juya zuwa gidan tarihi na Manchester Museum da ke titin Oxford, shiga kyauta ne, akwai kwaɗi masu rai da ƙashin dabbar dinoso. Mai zuwa ta sa suna a ƙasa don in san yawan kunun.